Hikama: Waken Meksiko Da Ake Cin Saiwarsa A Bar Ƙwayarsa

A ƙofar makarantu da tashoshin mota a Meksiko, da wuya ka rasa mai amalanke ya jera kofunan roba cike da yankakkun kayan marmari: kankana, mangwaro, gwanda, abarba, kokwamba. A tsakaninsu akwai wani abu fari tas, an yanka shi dogo-dogo kamar dankalin da ake shirin soyawa. In ka nuna shi, mai amalanke zai matse masa lemon tsami, ya barbaɗa gishiri da garin barkono, ya miƙo maka. Gatsa ɗaya za ka yi ka ji garas, ruwa ya cika maka baki, da ɗan zaƙi-zaƙin da bai kai na rake ba amma ya ɗara na gurji. Baƙo zai rantse daga bishiya aka tsinko shi, alhali tono shi aka yi daga ƙasa kamar yadda ake tonon doya.

Su suna rubuta sunan jícama, amma da yake harafin j a Sifaniyanci kamar h ake furta shi, abin da kunne zai ji shi ne hikama. Wasali ɗaya ne ya raba ta da hikima, sai dai ba su haɗa dangi ba. Kalmar ta fito ne daga xicamatl a harshen Nahuwatil na mutanen Aztek, waɗanda Sifaniyawa suka tarar suna nomanta lokacin da suka ci birnin Tenochtitlan da yaƙi a 1521.

Abin da zai fara rikita Bahaushe shi ne kalmar saiwa. A wurinmu kusan duk abin da aka tono daga kunya na tukunya ne: a fere, a dafa, a kirɓa ko a soya, a ci a ƙoshi a koma aiki. In ka auna hikama da wannan mudu za ka ce aikin banza ce, don ko ka cinye guda sukutum, kafin ka wanke hannu yunwa ta fara leƙowa. Ni a ganina ba za a gane wannan shuka ba sai an fara zare ta daga sahun doya da rogo. A asali 'yar gidan wake ce, a aikace kuma tulun ruwa ce. Waɗannan biyun su suka tsara yadda ake nomanta, yadda ake cinta, da ƙasashen da ta je ta samu wurin zama.

A fara da waken. Masana tsirrai suna kiranta Pachyrhizus erosus, kalmar farko daga Girkanci, ma'anarta saiwa mai kauri. Gida ɗaya ta fito da wake, gyaɗa, gurjiya da waken suya. Wanda ya shiga gonarta bai sani ba zai ɗauka gonar wake ce: yaɗo mai kai mita 4 zuwa 5 in ya samu abin hawa, ganye uku-uku, fure shuɗi ko fari, sannan kwasfa dogaye masu ƙwaya a jere. Sai an tona gindin za a ga bambancin. A can ƙasa akwai wani dunƙule mai siffar katantanwa, ɓawonsa ruwan ƙasa, siriri, in ka ɗaga gefe da wuƙa sai ka ja shi da hannu ya saluɓe.

Me ya sa wake zai ajiye irin wannan abu a ƙarƙashinsa? Saboda inda ya taso, a Meksiko da Amurka ta Tsakiya, ana yin dogon rani. Saman shukar yakan bushe ya mutu, saiwar ta kwanta a ƙasa da guzurinta, damina na sauka ta sake tofo. Abin da ta fi ajiyewa kuwa ruwa ne. A ƙididdigar Ma'aikatar Noma ta Amurka, cikin giram 100 na ɗanyar hikama, giram 90 ruwa ne zalla. Kalori 38 kacal ke ciki, inda dankalin Hausa ke da 86, doya 118, rogo kuma 160. Wato sai ka ci kwano huɗu na hikama kafin ka kamo kwano ɗaya na rogo. Abin da take da shi na a zo a gani shi ne fayiba, wato ɓangaren abincin da ciki ba ya narkarwa amma yake sauƙaƙa bayan gida, kusan giram 5, da kuma bitamin C miligiram 20, kusan rubu'in abin da baligi ke buƙata a yini. Shi ya sa masu ciwon sukari da masu neman rage ƙiba a Amurka suka ɗauke ta da zafi. Tana cika ciki da baki, ba ta ɗora wa jiki kaya.

Yanzu ga inda maganar ta yi tsauri. Waken da wannan shuka ke haifarwa guba ne. Ganyenta da karanta ma ba abin miya ba ne, amma gubar ta fi taruwa a ƙwaya. Sunan sinadarin rotinon. Yadda yake aiki shi ne, a cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai wasu 'yan mitsi-mitsin injina da ke amfani da iskar da muka shaƙa su mayar da abinci ƙarfi. Rotinon yana zuwa ya tsaya a matakin farko na wannan aiki ya toshe shi. Iska tana nan, jini yana kai ta, amma jiki ya kasa amfani da ita, kamar mutum ya mutu da ƙishirwa a bakin rijiya don an ɗauke guga. Ƙwari da kifi su suka fi jin jiki, kifi musamman, don gubar tana bi ta inda yake shaƙar iska ta shiga jininsa kai tsaye. Masuntan ƙasar Hausa sun san wannan aiki tun kafin a raɗa wa sinadarin suna: magimfa da ake dakawa a zuba a tafki kifi ya taso sama a galabaice, irin wannan guba ce a jikinta, ita ma kuma 'yar gidan wake ce. A inda ake noman hikama an daɗe ana daka ƙwayarta don kashe ƙwari da kamun kifi.

Cikin ɗan Adam ba ya tsotsar rotinon da sauri kamar kifi, amma wannan bai mai da shi abin wasa ba. Likitoci a Tailan da Taiwan sun rubuta labarin mutanen da suka ci ƙwayar hikama aka kwashe su zuwa asibiti da amai, jiri da sarƙewar numfashi, har da wanda ya rasa ransa. A wasu sassan Asiya ana dafa kwasfar tun tana ɗanya sharaf kafin ƙwaya ta ƙosa, sai dai gubar ƙaruwa take yi yayin da ƙwayar ke ƙosawa, kuma ba ido ne ke nuna iyakar ba. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Emory da ke Atlanta sun riƙa ba ɓeraye rotinon, suka ga alamun ciwon karkarwar jiki da ake kira Fakinsin sun bayyana a jikinsu. A 2008 Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da shi a matsayin maganin ƙwari a gona, bayan shekaru ana yaba shi da cewa ai daga tsiro ya fito. Fitowa daga tsiro ba shaidar lafiya ba ce, tunda zaƙami ma tsiro ne.

Saiwar kuwa tsaf take. A fere ɓawon, a ci ɗanya, ba jiƙo ba tatsa ba shanya. In ka ajiye ta kusa da rogo mai ɗaci sai ka ga kamar an kifa hoto ne. Shi rogo gubarsa tana cikin abin da ake son ci, shi ya sa mai garin kwaki sai ta fere, ta gurza, ta ɗaure a buhu ta danne kwana da kwanaki, sannan ta soya. Ita hikama ta kwashe makamanta ta kai sama inda ƙwari da tsuntsaye ke kai hari, ta bar rumbunta na ƙasa ba mai gadi. Abin takaicin manomi shi ne ƙwayar tana da mai da furotin sosai, ba ta da nisa da waken suya. Da ba don gubar ba, da gona ɗaya ta ba da girbi biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Kasancewarta wake ya ba ta wata dama da sauran saiwoyi ba su da ita: da ƙwaya ake shuka ta. Manomin doya sai ya ware wani babban kaso na girbinsa ya ajiye a matsayin iri, yana kallo yana hana kansa ci. Mai rogo sai ya yi dakon kara, mai dankali ya nemi yaɗo ɗanye. Mai hikama kuwa irin gonarsa gaba ɗaya a buhu yake. Kamar sauran danginta, a jikin ƙananan jijiyoyinta akwai 'yan ƙulle-ƙulle inda wasu ƙwayoyin halitta ke zaune suna kamo naitrojin daga iska, don haka ba ta damu manomi da buƙatar yuriya ba, in an bar ganyenta ya ruɓe a gona ma ƙasa ce ke cin riba. A yankin Bajío na tsakiyar Meksiko an daɗe ana haɗa ta gona ɗaya da masara da wake.

Aikin da ya fi cin hannu a nomanta shi ne cire fure. Shukar tana da wuri biyu da za ta aika abincin da ganye ya haɗa: ko ta kai wa fure da kwasfa, ko ta kai wa saiwa. In aka bar ta da zaɓinta, 'ya'yanta za ta fifita, saiwar ta tsumbure. Don haka ma'aikata suna bin kunya-kunya suna datse furen, in wani ya sake fitowa su sake dawowa. Dabarar ɗaya ce da ta mai dandaƙe bunsuru don ya daina bin awaki ya yi ƙiba. Sai a ware wani yanki na gonar a bar shi ya yi fure ya yi kwasfa, daga nan za a samu irin baɗi.

Ba ta jure sanyin da ke daskarar da raɓa, kuma sai yini ya fara gajarcewa take dagewa wajen fure da kumbura saiwa. Wata biyar zuwa shida ya isa a samu girman kasuwa. In aka manta da ita a ƙasa za ta iya kai kilo 20, amma a lokacin ta zama itace, ta yi zare-zare, ba mai saye. 'Yan kasuwar Meksiko sun raba ta gida biyu: de agua, wato ta ruwa, mai faɗi wadda ruwanta garai yake, da de leche, ta madara, mai ɗan tsayi da ruwa fari-fari. Ta ruwan ita ce ta kasuwa. Jihar Nayarit da ke gaɓar tekun Fasifik ita ke kan gaba a noma, sai irin su Guanajuato, Veracruz, Morelos da Puebla, kuma wani kaso yana tsallaka iyaka zuwa Amurka. Ko sunayen irin da aka inganta a cibiyar binciken noma ta garin Celaya da ke Guanajuato sun isa su gaya maka abin da mai saye ke nema: akwai Cristalina, mai haske kamar gilashi, akwai Agua Dulce, ruwa mai zaƙi. Ba wanda ya sa wa irinsa suna mai ƙosarwa.

Da yake kakarta tana kamawa a watannin ƙarshen shekara, sai ta faɗo daidai kan manyan bukukuwan ƙasar. A ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, lokacin da mutanen Meksiko ke tuna mamatansu, ana jera ta cikin kayan marmarin da ake ajiyewa a teburin tunawa. A Yukatan, ƙasar mutanen Maya, suna da wani haɗi na wannan lokaci mai suna xec, ana furta shi shek, ma'anarsa gauraye: hikama da lemon zaƙi da tanjarin da ɗan barkono da gishiri. Daga 16 zuwa 24 ga Disamba kuma akwai dare tara na posadas kafin Kirsimeti, inda ake rataye piñata, wato tukunyar ƙasa da aka yi wa ado da takarda, a ɗaure wa yaro ido ya riƙa dukanta da sanda har ta fashe. Abin da ke zubowa a al'adance shi ne gyaɗa, yankan rake, tanjarin, alawa, da 'yan ƙananan hikama. Wannan buƙata ta yi ƙarfin da har manoma suna tono wasu tun suna kamar dunƙulen hannun yaro musamman saboda ita, kuma sunansu a kasuwa piñatera. A daren Kirsimeti ma tana cikin salak ɗin da ake yi da wata jar saiwa mai suna bitirut, lemo da gyaɗa.

Sauran kwanakin shekara kuwa ta titi ce. Akwai jicaleta, inda ake yanka ta faifai-faifai a soka mata tsinke kamar alawar yara, a shafa miyar chamoy mai tsami da zaƙi, a turbuɗa a garin barkono kala-kala. Garin Tajín, da aka fara yi a jihar Jalisco a 1985 da barkono da gishiri da busasshen lemon tsami, kusan ya zama abokin tafiyarta. A gidajen abinci na zamani ana yanka ta siriri kamar takarda a naɗe nama ko jatan lande a ciki maimakon wainar masara ta taco. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai gurji da yajin ƙuli ana tsakar zafin rana ya san wace ƙishirwa ake kashewa a nan. Masu amalanke suna sonta ne don wani hali nata: in an yanka ta ba ta yin baƙi kamar tuffa ko dankali, tana nan fara tun safe har la'asar. Amma gudarta ba ta son firji. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 yana lalata cikinta, ta fi daɗewa a busasshen wuri mai sanyi-sanyi, wajen digiri 13 zuwa 15, inda za ta yi wata ɗaya zuwa biyu. Sai an yanka ne ake rufe ta a sa a firji.

Tafiyarta zuwa ƙetare ta bi hanyar da ba a saba ji ba. Daga 1565 zuwa 1815, shekara 250 cur, manyan jiragen ruwan Sifaniya suna zirga-zirga tsakanin Akapulko a Meksiko da Manila a Filifin, su kai azurfa su dawo da siliki da tangaran. A cikin kayan har da iri, kuma irin da ke tafiya a ƙwaya ba ya tsoron wata uku a teku. Mutanen Filifin suka lanƙwasa sunan ya koma singkamas, kamar yadda camote na dankali ya koma kamote a bakinsu. Daga nan ta bazu. A Indonesiya bengkuang ce, har birnin Padang na tsibirin Sumatra ake yi wa laƙabi da ita. Suna cinta a rujak, haɗin kayan marmari da miyar gyaɗa da barkono, mata kuma suna shafa sitacinta a fuska don sanyaya fata. A Malesiya da Singafo ana gurza ta a dafa a zuba cikin popiah, wata siririyar waina da ake naɗe kayan lambu a ciki. Mutanen Sin suna jefa ta a kasko da nama, don ko ta ji wuta ba ta rasa garas ɗinta gaba ɗaya. A Bengal ta Indiya shankalu ce, tana cikin kayan marmarin da mabiya Hindu ke kaiwa a bikin Saraswati. Abin lura shi ne Asiya ce ta fi sa ta a tukunya, mutanen gidansu kuwa har yau sun fi son ta ɗanya.

To, masara, rogo, gyaɗa, tumatir, barkono, gwanda da abarba duk daga can nahiyar Amurka suka zo mana, har muka manta baƙi ne. Me ya hana hikama zama 'yar gida a Afirka ta Yamma? Dalili na farko hanya ce. Rogo ya shigo ne a jiragen Fotugal daga Brazil, ita kuwa tana kan layin Sifaniya da ya fuskanci yamma zuwa Asiya. Na biyu, wanda na fi ba nauyi, shi ne abin da manominmu ke nema a wurin saiwa. Wanda zai ba da kunyarsa wata shida yana so ya tono abin da zai riƙe gida har bazara. Akwai ma ruɗanin suna da ke shiga tsakani: a Turance ana kiran hikama da sunan da ke nufin waken doya, kuma da wannan suna ake kiran girigiri namu na Afirka. Dangi ne na nesa, amma shuka biyu ne daban. Ƙwayar girigiri ana dafawa a ci, ta hikama kuwa ka ji labarinta. A ƙasar da wake yake abincin yau da kullum, yara kuma suna tsinkar kwasfa a gona su gasa, wannan kamanni ba ƙaramar matsala ba ce, kuma duk mai sha'awar sayo irin ta intanet ya shuka a bayan gida ya kamata ya fara da nan.

An dai gwada. A 2009 Cibiyar Binciken Dankali ta Duniya da ke Lima a Peru ta fara wani shiri da kuɗin Beljiyam don shigar da dangin hikama Jamhuriyar Benin, Yuganda, Ruwanda, Burundi da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Hujjarsu mai kyau ce: shuka mai gyara ƙasa, mai sauƙin iri, mai yawan amfani a hekta. A Benin masu bincike sun gurza ta sun yi garin kwaki da ita, sun kuma gwada haɗa ta da rogo. Lissafin ne ke ba da wahala. Kilo 100 na hikama, in ka kori ruwan, abin da zai rage bai wuce kilo 10 ba, rogo kuwa zai bar maka kusan 40. Mai suyar gari za ta yi fira ɗaya, gurza ɗaya, matsa ɗaya, ta tashi da rubu'in abin da ta saba samu.

Shi ya sa idon masu binciken ya koma kan 'yan uwanta. Jinsin Pachyrhizus guda biyar ne, uku ake nomawa: hikama ta Meksiko, ahipa ta tsaunukan Bolibiya da arewacin Ajantina, wadda ba ta yaɗo sosai, sai ta dajin Amazon. A cikin wannan ta ukun akwai wani nau'i da mutanen bakin kogin Ucayali a Peru ke kira chuin, wanda Marten Sørensen, masanin tsirrai ɗan Denmak da ya daɗe yana aiki a kan wannan dangi, ya taimaka wajen fito da shi ga duniyar bincike. Chuin ba tulun ruwa ba ce. Sitacinta yana da yawa, busasshen nauyinta yana kusantar na rogo, kuma ukun suna karɓar barbara a tsakaninsu, don haka ake ta haɗa su ana neman wadda za ta ɗauko yawan amfanin hikama da nauyin chuin. Mutanen Ucayali dai ba sa matsa mata lemon tsami su ci a tsaye. Dafa ta suke yi kamar rogo.